Haɗa Python da hannu a kan tsofaffin kwamfutoci

Kwamfutocin da muke koyar da matasa da su a unguwar Zariya duk ƴan gwanjo ne. Ubuntu 20.04 ke kansu, Python ɗin da ya zo ciki kuma, wato harshen rubuta manhaja da muke koyarwa, 3.8 ne, wanda aka daina yi wa gyara tun Oktoba 2024. Darussan da ɗaliban Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi ke kawo mini suna amfani da umarnin match, shi kuwa sai daga 3.10 ya shigo. Shi ya sa na sauko da asalin rubutun CPython 3.12, wato Python ɗin da aka saba amfani da shi, na haɗa shi da kaina. A ganina tsarin haɗa shi tsohon yayi ne, amma ya fi wasu sababbin kayan aiki dacewa da halin da muke ciki.

Farko dai maganar forfe. Ƙunshin da ke shafin python.org wajen mega 20 ne. Sau ɗaya ka sauko da shi, ka zuba a kile, ka bi kwamfutoci ɗaya bayan ɗaya. Wanda kuwa zai jawo taskar GitHub gaba ɗaya, inda aikin ya koma tun 2017, tarihin shekara da shekaru zai biyo shi, ɗaruruwan mega. Mai son amfani kawai ba ya bukatar wannan.

Matakan ba su da yawa. Configure ya binciki kwamfutar, make ya haɗa, sannan make altinstall. Wannan na ƙarshen a riƙe shi da kyau, domin make install zai ajiye sabon python3 a gaban wanda Ubuntu ya zo da shi, altinstall kuwa python3.12 kawai yake sakawa, ya bar na gida a inda yake.

Make ya burge ni a wurin da ban zata ba, wato ɗaukewar kuran. Yana duba lokacin da aka taɓa kowane fayil, saboda haka idan wuta ta dawo ba ya komawa farko, daga inda ya tsaya yake ɗorawa. Sai dai fayil ɗin da yake cikin rubutawa lokacin da injin ya mutu yana iya zama rabi, make kuma ya ɗauka ya gama shi. Idan aka ga kuskure marar kan gado wajen haɗe guntayen, a goge wancan fayil mai ƙarewa da .o, ko a yi make clean a huta.

Inda ba na jin daɗinsa shi ne yadda yake bi da abin da ya rasa. Idan babu libssl-dev a kwamfutar, aikin ba ya tsayawa. Yana ci gaba har ƙarshe, sannan cikin layukan da suka cika allo ya rubuta cewa bai iya haɗa ssl ba, ɓangaren da ke tsare sadarwa ta intanet. Python zai tashi lafiya lau, lissafi ya yi daidai, sai ranar da aka nemi pip, mai sauko wa Python da ƙarin kayan aiki, ya sauko da wani abu ya ƙi. Kamar tela ne da ya miƙo maka riga a goge, sai ka zura hannu ka tarar ba aljihu. Haka abin yake da sqlite3, ctypes, da readline, wanda in babu shi maɓallin kibiya ke zubo alamomi barkatai maimakon dawo da layin baya. Na fahimci dalilin masu kula da Python, ba kowace na'ura ke bukatar komai ba. Duk da haka gargaɗin ya cancanci a ɗaga masa murya. Maganin shi ne a saka build-essential, pkg-config, libssl-dev, zlib1g-dev, libffi-dev, libsqlite3-dev da libreadline-dev tun kafin configure. Kuma tun daga 3.10, OpenSSL, wanda ssl ke dogaro da shi, in bai kai 1.1.1 ba ba ya aiki.

Akwai zaɓin enable-optimizations, wanda ke haɗa Python, ya gudanar da wasu gwaje-gwaje don ya ga inda aiki ya fi yawa, sannan ya sake haɗa shi. Yana ƙara sauri, amma a zafin Afrilu tsohon inji yana shan wahala, fanka na kuka kamar zai tashi. Don koyar da masu farawa ban ga amfaninsa ba.

Abin da ban samu ba sai da na haɗa da hannu shi ne damar buɗe wa ɗalibai cikin injin. Nahawun harshen yana fayil ɗin Grammar/python.gram, daga shi ake haifar da Parser/parser.c, wanda tun a layinsa na farko an rubuta cewa na'ura ce ta samar da shi. Wata ɗaliba ta ce, “Malam, to idan muka taɓa nahawun fa?” Muka je layin pass, umarnin da ke nufin kada a yi komai, muka ƙara kalmar wuce kusa da shi, muka yi make regen-pegen da sabon Python ɗin, muka sake make. Ta rubuta wuce a cikin madauki, ya karɓa. Can wani yaro ya gwada ba wani abu suna wuce, Python ya ƙi, don kalmar ta zama keɓaɓɓiya. Nan suka gane me ya sa masu kula da harshen ba sa ƙara kalma da garaje. Shi ma configure haka yake, daga configure.ac ake fitar da shi, duk gyaran da aka yi masa kai tsaye zai shafe a karo na gaba.

Mai sabuwar kwamfuta da intanet wadatacce ya ɗauki wanda aka riga aka haɗa, babu abin da zai rasa. Masu ɗakin koyarwa irin namu kuwa su sa a ransu cewa duk Oktoba sabon fitowa na zuwa, kowane kuma shekara biyar ake kula da shi. Na 3.12 zai kai Oktoba 2028, kuma a kansa za mu zauna har lokacin, muna sauko da ƙananan gyare-gyarensa idan sun fito.