Yawan ambato ko yawan abokan aiki: wanne ya fi nuna nauyin manazarci?

'Yar'uwa, ga tambayarki kamar yadda na fahimce ta. Mutum biyu ne ke neman gurbin bincike ɗaya. Na farko an ambaci muƙalunsa sosai, amma yawanci shi kaɗai yake rubutu, ko shi da ɗalibinsa. Na biyu sunansa na cikin ayyukan haɗin gwiwa da masana na ƙasashe da dama, sai dai ambatonsa bai kai na wancan ba. Wa ya fi tasiri?

Ma'aunan nan biyu ba abu ɗaya suke aunawa ba. Idan aka tilasta mini in riƙi guda, ambato zan riƙa, amma da sharaɗi.

Ambato shaida ce cewa wani ya karanta aikinka har ya kafa hujja da shi a nasa. Eugene Garfield ne ya mayar da ƙirga shi tsari, da kundin da ya fitar a 1964. A 2005 Jorge Hirsch, masanin fiziks a Jami'ar Kalifoniya ta San Diyego, ya kawo ma'aunin h. Idan aka ce h ɗinka 15 ne, kana da muƙalu 15 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 15. Kyan wannan ma'auni shi ne muƙala ɗaya da ta yi tashe ba za ta ɗaga shi ba, tarin muƙalun da ba wanda ya waiwaya ma ba za su ɗaga shi ba.

Amma akwai ramuka a nan, kuma sun cancanci a tsaya a kansu. Ma'aunin h ba ya yin ƙasa don mutum ya daina rubutu, saboda haka wanda ya shekara 25 a fage yawanci zai sha gaban wanda ya shekara biyar, ko da na bayan ya fi shi kaifi. Fannoni ma ba ɗaya ba ne: masu binciken likitanci suna yawan ambaton juna kuma da sauri, masu lissafi da tarihi kuwa a hankali suke tafiya. Sannan a cikin rumbunan intanet masu ƙirga ambato, lambar da za ki gani a Google Scholar kusan kullum ta fi ta Scopus ko Web of Science, domin Google Scholar yana haɗawa da littattafai da kundayen digiri, su kuwa sun fi tsayawa kan mujallun da suka tantance. In kika ɗauki lambar wannan daga nan, ta wancan daga can, kin zalunci ɗaya ba da niyya ba.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙirga ba ta san dalilin ambato ba. Muƙalar Andrew Wakefield ta 1998, wadda ta danganta wata allurar rigakafi da cutar galahanga (autism), mujallar Lancet ta janye ta a 2010, amma an ambace ta da yawa, da dama don a ƙaryata ta ne. A ɗaya ɓangaren, Gregor Mendel ya buga aikinsa kan gadon halitta a 1866, aka bar shi kusan babu mai kulawa sai a 1900. Muƙalun da ke koyar da hanyar yin gwaji kuma su ne ke kwashe ambato: ta Oliver Lowry ta 1951 kan auna furotin ta haura 300,000 a ƙidayar da mujallar Nature ta wallafa a 2014.

Haɗin gwiwa wani labari yake bayarwa: su wa suka yarda su haɗa sunansu da naka. Yana kuma bayyana da wuri, tun kafin ambato ya taru, shi ya sa yake da amfani wajen duba matashin manazarci. Paul Erdős, masanin lissafi ɗan Hangari da ya rasu a 1996, ya rubuta muƙalu wajen 1,500 tare da mutum sama da 500, har masu lissafi suke ƙirga tazarar da ke tsakaninsu da shi ta hanyar rubutun haɗin gwiwa. Irin wannan mutum tasirinsa a jikin mutane yake.

Sai dai suna a jeri ba ya faɗin wa ya yi me. A 2015 an buga muƙalar fiziks kan nauyin ƙwayar Higgs mai ɗauke da sunaye 5,154. A fannin lissafi bisa haruffa ake jera sunaye. A likitanci na farko ne yawanci ya yi aikin, na ƙarshe shugaban ɗakin gwaji. Akwai kuma sa sunan babba don girmamawa kawai, abin da kowa a fagen ya sani. Kuma yawan abokan aiki a ƙetare sau da yawa kuɗin tallafi da damar tafiya taro yake nunawa, ba basira kaɗai ba.

Yanzu ga inda su biyun suke cuɗanya, kuma a nan amsarki take. A ma'aunin h, muƙala mai marubuta 40 kowannensu cikakken ambatonta ake rubuta masa, kamar shi kaɗai ya yi. Ke nan mai yawan haɗin gwiwa ya kamata a ce lambarsa ta kumbura. Idan na biyunki yana da wannan tagomashi amma har yanzu yana bayan na farko, alhali fanninsu ɗaya kuma shekarunsu a aiki sun yi kusa, to ni na farkon zan fifita, don ambatonsa guminsa ne. Idan kuwa na biyun sabon shiga ne, ko fanninsa mai jinkirin ambato ne, hukuncin bai yanku ba tukuna.

Sanarwar San Faransisko ta 2012 kan tantance bincike ta nemi a riƙa duba abin da aikin ya ƙunsa, kada a tsaya ga sunan mujallar da ta buga shi. A aikace, ki nemi kowannensu ya zaɓo muƙalu uku da ya fi alfahari da su. Ki cire ambaton da ya yi wa kansa, ki buɗe goma daga cikin waɗanda suka ambace shi ki ga ko gini suka yi a kan aikin ko wucewa kawai suka yi ta gefensa. Na biyun kuma ki tambaye shi kai tsaye: a cikin ayyukan nan na tarayya, wanne ne tambayar binciken ta fito daga kansa, wanne ne kuma aka gayyace shi bayan an riga an tsara komai.