Bokitin wanke hannu mai famfo, abin da na gani a ajina

Salam jama'a, wata ƙawata malama ce ta tambaye ni ko bokitin nan mai famfo ya cancanci kuɗinsa, na ce bari kawai in rubuta kowa ya gani. Ni 'yan aji biyu na firamare nake koyarwa a Kano, lokacin da aka buɗe makarantu a Oktoban 2020 bayan kullen korona aka ce dole kowane aji ya samu wurin wanke hannu, shi ne na je kasuwa na sayo guda biyu, na roba masu murfi, da ƙaramin baho na tarar ruwa a ƙasa da ƙafar ƙarfe. Daga baya ma nake jin wai wata 'yar Ghana ce mai suna Veronica Bekoe ta ƙirƙiro shi, shi ya sa wasu ke ce masa bokitin Veronica.

Gaskiya abin da ya fi burge ni ruwan zuba yake yi, ba irin yadda muka saba a cika kwano ɗaya yara talatin su tsoma hannu a ciki ba, na ƙarshe kam ai dattin kowa yake kwasa. Kuma yara na son famfo wallahi, har layi suke yi ba sai na ɗauki bulala ba.

Da shi na koya musu ƙwayoyin cuta, don in ka ce wa ɗan shekara bakwai akwai wani abu a hannunsa da ido ba ya gani dariya zai yi maka. Sai na shafa wa yaro ɗaya man shafawa na barbaɗa garin alli mai kala, na ce ya gaisa da na kusa da shi, shi ma ya gaisa da na gaba, kafin ka ce me rabin aji duk shuɗi har a hanci da hijabi. Suka je famfo da ruwa zalla, man ya ƙi fita, da aka sa sabulu suka cuɗa sakan ashirin har tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce sai ga hannu fes. Wata yarinya ta ce "Malama ai muna alwala", na ce eh madalla, amma bayan banɗaki da kafin cin abinci sai an haɗa da sabulu. Da kwalara ta ɓarke a 2021 ban sha wahalar bayani ba, sun riga sun gane.

To matsalarsa, famfon ne. Na roba ne kuma yara murɗa shi suke kamar suna faɗa da shi, ko zango ɗaya bai yi ba guda ya fara ɗiga, sai da na kai wa mai gyaran famfo ya sa na ƙarfe. Ƙafar ma ta yi wa ƙanana tsayi sai da muka ɗora bulo suna takawa. Sabulu kuma hmm, ƙafa yake yi, yanzu huda shi nake in ɗaure da igiya. In ba a zubar da ruwan baho kullum ba sauro da wari za su dame ki.

Zan sake saya, amma ki duba famfon tun a shago, ki sa mai kayan ya zuba ruwa ki ga ko yana yoyo kafin ki biya.