Likitan mata ko ƙwararren ciki mai haɗari: wanne za ki bi?

'Yar uwa, kin ce cikinki sati 11, hoto ya nuna tagwaye, kuma a cikin da kika yi a baya jininki ya hau har kika yi jijjiga, aka yi miki aiki a wata bakwai. Kina tambaya ko ki tsaya wurin likitan matan da ke kusa da gida, ko ki nemi ƙwararren da ke kula da uwa da ɗan tayi. Allah ya raba lafiya. A halin da kike ciki, ki nemi ƙwararren, kuma cikin satin nan.

Su biyun tushensu ɗaya. Likitan mata da haihuwa ya gama karatun likita ya ƙara shekaru yana ƙwarewa. Yana awo, yana karɓar haihuwa mai gardama, yana tiyata, yana magance hawan jini da jijjiga, yana kuma duba matsalolin mahaifa da na rashin haihuwa. Ƙwararren uwa da ɗan tayi shi ma likitan mata ne, sai dai ya ƙara horo ya taƙaita aikinsa ga cikin da ke da haɗari: mai sikila, mai ciwon suga ko na zuciya ko ƙoda, mai yawan ɓari, tagwaye masu mabiyiya ɗaya, jaririn da ya daina girma a ciki. Mace mai lafiya da cikinta ke tafiya daidai ba ta buƙatarsa, ungozoma da likitan mata sun wadatar.

Inda suka fi bambanta shi ne hoton ciki. Sikanin da aka saba yi yana faɗin ko jariri na da rai, yadda ya kwanta, da watanninsa. Na ƙwararren yakan ci rabin awa ko fiye, yana bin gaɓa-gaɓa: ɗakunan zuciya huɗu, ƙwaƙwalwa, ƙashin baya, ƙoda, yawan ruwa, da gudun jini a igiyar cibiya. Kuma kowane awo da lokacinsa. Kafin sati 14 ne aka fi gane ko tagwayenki mabiyiya ɗaya suke ci ko kowa da tasa. Bayan nan fatar da ta raba su takan yi wuyar karantawa. Wannan bayani shi ke tsara duk sauran awonki. In mabiyiya biyu ce, hoto duk sati huɗu ya isa. In ɗaya ce, duk sati biyu ne tun daga sati 16, domin jijiyoyin jininsu a haɗe suke, ɗaya kan iya tura wa ɗan'uwansa jini har shi ya bushe, wancan kuma ruwa ya yi masa yawa zuciyarsa ta gaji. Uwa ba ta jin komai da farko, sai dai daga baya ta ga ciki ya kumbura lokaci guda, numfashi na yi mata wuya. Hoton duba halitta kuma tsakanin sati 18 da 22 ake yinsa.

Sai batun jininki. Wadda ta taɓa jijjiga, ga kuma tagwaye, ana ɗora ta kan asfirin ƙarami, miligiram 75 zuwa 150 kullum, daga sati 12, an fi so kafin sati 16. Likitan mata ma ya san wannan kuma zai iya rubuta miki, don haka kada ki jira layin babban asibiti kafin ki tambaye shi. Amma kada ki saya a kemis ki fara da kanki. Abin da ƙwararren zai ƙara shi ne bibiyar girman jariran da gudun jininsu, da yanke ranar da fitar da su ta fi barinsu a ciki alheri. Zai kuma duba inda mabiyiya ta zauna, domin in ta sauko kan tabon aikin baya tana iya mannewa, ranar haihuwa jini ya ɓalle.

A fannin sauƙi kuwa likitan kusa ya yi gaba: ba layi mai tsawo, ya san ki, kuma da tsakar dare shi za ki iya kaiwa gare shi. Shi ya sa ba a cewa ki bar shi. Yawanci raba aikin ake yi: awon jini da fitsari a kusa, manyan hotuna da tsarin haihuwa a wurin ƙwararren.

Neman sa ba a allon talla ake yi ba. Irin waɗannan likitoci kaɗan ne, kuma an fi samunsu a asibitocin koyarwa, irin su na Malam Aminu Kano, na Shika a Zariya, na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da na Maiduguri da Jos. Ki roƙi likitanki takardar turawa mai ɗauke da tarihin cikin baya. A sashen mata da haihuwa ki tambayi ranar asibitin rukunin Feto-Maternal, haka ake rubuta sunan. Ki riƙo katin awo, duk hotunan da aka yi miki, takardar sallamar aikin baya, da kwalayen magungunan da kike sha. In asibitin kuɗi kika zaɓa, ki yi tambaya uku kafin ki buɗe fayil: akwai ma'ajiyar jini, akwai ɗakin bakwaini mai kwalba, akwai mai sa barcin tiyata dare da rana? In babu ɗaya daga ciki, nan ba wurin haihuwarki ba ne, komai sunan likitan.

Kafin ranar ganin ƙwararren, in awon jininki ya kai 140 bisa 90 ki je asibiti a ranar. In ya kai 160 bisa 110, ko kai ya yi ta sara, ko ido ya yi dishi-dishi, ko ciwo ya taso ƙarƙashin haƙarƙarin dama, ko kika ga jini, a kai ki asibiti mafi kusa nan take, ko da dare ne.