Taswira mai siffar ƙwallo da na saya a kasuwar Birnin Kebbi

Tambayar wata ɗaliba ce ta fitar da ni neman wannan kaya. Ina koyar da darasin gwamnati a wata sakandare nan Birnin Kebbi, ƙarshen mako kuma ni ma ɗalibi ne, ina karatun hulɗar ƙasa da ƙasa. Muna cikin batun yaƙin cacar baka yarinyar ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ga Amurka a wannan bakin takarda, ga Rasha a wancan bakin, to ta ina za su harbi juna?" Na dubi taswirar da ke manne a bango tun kafin a kawo ni makarantar, na ga lalle ba laifinta ba ne.

Sai da na shiga shagon littattafai uku a babbar kasuwa kafin na samu. Mai shagon, wani dattijo, ya sa yaronsa ya sauko da ita daga saman kanta, ƙura ta rufe ta. "Malam, wanga kaya shekara biyu ba wanda ya taya," in ji shi. Ya sa naira 22,000, muka tsaya a 18,000, ya ƙara mini da alli kwali guda.

Ranar Litinin na ɗora ta kan tebur, na karkato samanta wajen yara. Nan take aji ya yi tsit. Ga Alaska ga gabashin Rasha, mashigin ruwan Bering kaɗai ke tsakani, faɗinsa bai kai kilomita 100 ba. Na gaya musu Alaska ɗin ma ta Rasha ce, Amurka ta saye ta a 1867 kan dala miliyan 7.2. Na miƙa zare daga Mosko zuwa Washington, zaren ya bi ta arewa, ya goga tsibirin Girinlan. Daga nan ban sake shan wahalar bayyana dalilin da Amurka ta ajiye sansani a arewacin tsibirin tun shekarun 1950 ba, ko abin da ya sa Trump ya yi ta maganar sayensa. Wani yaro kuma da kansa ya lura tsibirin ya "rame". A taswirar bango, irin shimfiɗaɗɗen zanen da masanin taswira Mercator ya fito da shi a 1569, yana kafaɗa da Afirka, alhali Afirka ta ninka shi kusan sau 14. Ko wannan kaɗai ta yi mini, kuɗina sun dawo.

Ni kaina ta amfane ni. Ra'ayin Mackinder, masanin labarin ƙasa ɗan Ingila, na 1904, cewa wanda ya riƙe tsakiyar Turai da Asiya ya riƙe ragamar duniya, na haddace shi don jarrabawa kamar karatun aku. Sai da na riƙa juya ƙwallon nan da dare na ga yadda yankin yake can ƙurya, nesa da inda jiragen ruwan yaƙin Ingila za su iya kaiwa, sannan maganar ta zauna mini.

Amma akwai abin da ban lura da shi a shago ba. A gindinta an rubuta ƙirar Sin ce. Da na duba da kyau, Taiwan da Sin launinsu ɗaya, kuma ga wasu gajerun layuka sun zagaye tekun kudancin Sin har kusa da gaɓar Filifin da Malesiya. Wannan iyaka ce da Beijing ke iƙirari, wadda kotun sasanci a Hague ta ce ba ta da tushe a 2016, Sin kuma ta yi fatali da hukuncin. Wato na sayi kayan koyarwa, an haɗo mini da manufar ƙetare ta wata ƙasa kyauta, kamar gyara a kan awo. Da farko raina ya ɓaci. Daga baya na mai da layukan darasi, domin yanzu duk ajin da na shiga sai na sa su nemo su da kansu. Malamin da bai san labarin ba fa, haka zai koyar da su a matsayin iyakar gaskiya.

Sauran aibunta na ƙira ne. Sudan ta Kudu tana nan, ke nan bayan 2011 aka buga ta, amma Eswatini har yanzu da tsohon sunanta Swaziland take. Takardar da aka liƙa a tsakiya ta fara ɗagowa tun zafin watan Afrilu, ƙafarta ta roba kuma tana rawa, sai na tokare da littafi. Mashigin Hormuz, inda man Tekun Fasha ke fita, rubutu ya danne shi gaba ɗaya.

Inda ta gaza ƙwarai shi ne nan gida. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar, da idonmu muka ga manyan motoci sun yi layi a hanyar Kamba, garin bakin iyaka, saboda rufe iyakar, kuma layin lantarkin da aka yanke wa Yamai daga garin nan ya tashi. Sojan Faransa suka fice a Disamba, 'yan Rasha suka iso a Afrilun 2024, Amurka ta bar sansaninta na Agadas a shekarar, ga bututun da kamfanin Sin ya shimfiɗa daga Agadem zuwa gaɓar Benin, kusan kilomita 2,000. Duk wannan kokawa ta manya a bayan ɗakinmu ake yin ta, amma a kan ƙwallon babban yatsana ɗaya ya rufe Kabi da Doso da arewacin Benin. Babu Kamba, babu Gaya, ko Birnin Kebbi ba a sa ba.

Don haka wanda zai saya ya haɗa da babbar taswirar Afirka ta Yamma. Na koma wajen Alhaji mai shagon neman ta, ya ce sai yaronsa ya dawo daga Kano. Yau sati uku ke nan, na bar masa kafin alƙalami na naira 2,000.