Likitar ta yi mana kirki, amma wurin biyan kuɗin asibitin ya ɓata min rai

Masu tsohuwar mage a gida su nake so su karanta wannan, don idan jikinta ya fara ƙi mutum rasa inda zai nufa yake yi. Asibitin dabbobi ne na kuɗi a nan Kano, irin wanda ake ganin masu karnuka da masu kaji suna layi, kuma gaskiya idan likitar da ta duba mu ce kaɗai zan yi wa hukunci to ba ni da abin cewa sai Allah ya saka mata da alheri.

Magen ta Hajiyarmu ce, shekararta 16 a gidanmu, tun tana 'yar mitsitsiya aka kawo ta, bayan rasuwar Baba kuma ita ta zama abokiyar zaman Hajiya, a bakin darduma take kwanciya idan ana lazimi. Abin ya fara ne da shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, ga fitsari, sai rama, gashinta ya yamutse, daga baya amai da warin baki, ko kifi aka ajiye mata sai ta sunsuna ta juya kai. Likitar ta ɗebi jini aka gwada, ta ce ƙoda ce. Ta zauna ta yi mana bayani da Hausa tiryan-tiryan, wai yana cikin cututtukan da suka fi kama kyanwoyi idan sun tsufa, ƙodar a hankali take gajiya, kafin a ga alama ta riga ta lalace sosai, kuma ba ta komawa daidai sai dai a sassauta mata wahala. Ba ta yi mana ƙaryar za ta warke ba, wannan kaɗai ya sa na yarda da ita. Ta tambaya ko mun ba ta Panadol, muka ce a'a duk da wata maƙwabciya ta ba mu wannan shawarar, ta ce alhamdulillahi, farasitamol guba ne ga mage, hantarta ba ta iya sarrafa shi, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta. Don Allah ku riƙe wannan.

Ta koya min yadda ake yi mata ƙarin ruwa ta ƙarƙashin fatar bayan wuya, ta ba da maganin amai, ta ce akwai asibitin koyarwa na dabbobi a ABU Zariya idan muna so amma a ganinta hanya za ta ƙara galabaitar da ita. Da ta kawo maganar allurar da ake yi wa dabba ta huta, Hajiya ta ce a'a, rai na Allah ne, a bar shi ya karɓi abinsa. Ba ta matsa ba ko kaɗan, cewa ta yi to Mama, za mu yi iya yinmu kar ta sha wuya.

Ranar da jikin ya rikice muka koma, ana cikin ƙarin ruwan ta cika. Likitar da kanta ta fito, ta durƙusa gaban Hajiya ta ce Mama sai haƙuri, rai ya yi halinsa, kun riƙe amana. Ta naɗe ta a ƙyalle mai tsabta ta miƙo mana. Wallahi ban zaci haka ba, na ɗauka a leda za a ba mu ita.

To daga nan ne fa abin ya lalace. Na je biyan kuɗi, Hajiya na bayana tana share hawaye da bakin mayafi, sai yaron da ke karɓar kuɗin ya kalli abokinsa yana dariya ya ce wai a kan mage ake wannan kukan, ai ga su nan birjik a bola a je a ɗauko wata. A gaban tsohuwar da ta yi jika da shi! Kuma a asibitin dabbobi, inda da kuɗin masu magen ake biyansa albashi. Na ce masa kai ɗan nan ka ji tsoron Allah, ko haƙuri bai bayar ba sai ya turo min takarda. Ina dubawa na ga har da kuɗin kwana alhali ko la'asar ba ta kai ba a wurin, ga buhun abincin masu ciwon ƙoda ɗan waje mai shegiyar tsada da muka saya a hannunsu, ko buɗe shi ba mu yi ba, na ce su karɓa ko a ba wani mai buƙata a rage mana wani abu, ya ce ba a dawo da kaya. Kuɗin kwanan sai da likitar ta sa baki aka cire. Ni ba kuɗin ne ya dame ni ba, maganar ce, don har muka isa gida Hajiya ba ta ce uffan ba, kuma daga ranar ta koma ɓoye kukanta kamar wadda ta yi abin kunya.

A bayan gida muka binne ta, rami mai zurfi don kar karnuka su tone. Hajiya ta daɗe tana rage kan kifi a gefen kwano kafin ta tuna. 'Yan uwa wasu sun yi mata jaje wasu dariya suka yi. Wanda ya sanyaya mata zuciya malamin Islamiyyarsu ne, da ya tuna mata labarin Abu Umair ƙanin Anas bin Malik, yaron da ɗan tsuntsunsa ya mutu, Manzon Allah (SAW) ya gan shi cikin damuwa ya tsaya yana tambayarsa labarin tsuntsun don ya rarrashe shi. Ya ce mata Hajiya tausayi ne, ba laifi ba ne. Tun daga nan ta fara ba jikoki labarin magen da bakinta, har tana murmushi. Shawarar likitar ma ta yi amfani, da ta ce kar mu yi gaggawar kawo wata, mu bari sai Hajiya ta nema da kanta, kwanonta ma kar a ɗauke rana ɗaya.

Har na fara hucewa ina cewa laifin yaro ɗaya ne, kwatsam sai ga saƙon tes daga asibitin a wayar Hajiya, wai lokacin rigakafin magenku ya yi a kawo ta. Magen da ta mutu a kan teburinsu! Ƙanwata ce ta karanta mata ba ta san abin da ke ciki ba, ranar ko tuwon dare Hajiya ba ta ci ba. Wato ko a littafinsu ba wanda ya rubuta cewa ta mutu.

Don haka ni dai ba zan ce kar a je ba, don likita irin wannan ba ko'ina ake samu ba. Amma in za ku je ku nemi macen, ku karanta takardar kuɗi layi-layi kafin ku biya, kar ku sayi babban buhun abinci sai kun ga magen za ta ci, kuma idan da tsoho kuka zo ku bar shi a mota kafin ku je wurin biyan kuɗin nan. Na kira su na ce a goge lambar Hajiya daga kwamfutarsu, in saƙo ya sake shigowa wurin mai asibitin zan je da kaina.