Kayan wasan yaro daga shekara ɗaya zuwa uku: wanne ya cancanci a saya?

Kafin ku ciro kuɗi, ku lura da abin da yaron yake faman yi a 'yan kwanakin nan. Miƙewa yake son yi? Ɗora abu kan abu? Ko kwaikwayon maganarku? Wannan ne zai gaya muku abin da za ku saya, ba hoton da ke jikin kwali ba.

Mu fara da tafiya, domin a nan iyaye suka fi yin asara. Binciken Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna yara masu lafiya suna fara tafiya su kaɗai tsakanin wata 8 zuwa kusan wata 18, saboda haka babu dalilin gaggawa. Keken da ake zaunar da yaro a ciki yana ta yawo ba ya sa shi saurin tafiya, sai dai ya kai shi bakin matakala ko wurin ruwan zafi kafin a ankara. Kanada ta haramta sayar da shi tun 2004. Abin turawa, wanda yaro ke riƙewa yana tsaye da ƙafafunsa, ya fi shi nesa ba kusa ba. Ku zaɓi mai ɗan nauyi da faɗin gindi, wanda tayoyinsa ba sa zillewa da gudu. Ƙwallo mai laushi kuwa za ta daɗe tana amfani, tunda wajen shekara biyu yawancin yara kan iya harba ta da ƙafa.

Inda zaɓi ya fi wuya shi ne tsakanin kayan wasa masu batir, masu waƙa da walƙiya, da kuma waɗanda ba sa yin komai sai an motsa su: 'yan katakan gini, kofunan da ke shiga cikin juna, 'yar tsana, littafin hotuna mai kaurin shafi. Ni dai ina bayan na biyun, kuma ba don tsohon yayi ba. Wani bincike a Amurka da aka naɗi muryoyin iyaye da 'ya'yansu masu wata 10 zuwa 16 ya gano cewa idan abin wasan ne ke magana, iyaye sukan rage tasu, yaran ma su rage gwaranci. Da littafi aka fi samun hira. Mai batir yana koya wa yaro danna maɓalli, shi ke nan. Katakan gini kuwa suna girma tare da shi: a wata 15 yana ɗora biyu, daga baya ya gina dogo ya rushe, wajen shekara biyu da rabi kuma ya ɗauki guda ya mayar da shi abinci yana ba 'yar tsanarsa. Wannan wasan kwaikwayo babban mataki ne na tunani. Kada kuma ku tara masa da yawa. A wani gwaji na Jami'ar Toledo da ke Amurka, yaran da aka ba kayan wasa 4 sun fi daɗewa kan kowanne fiye da lokacin da aka zube musu 16.

Waya ko kwamfutar hannu ta yara ba ta cikin lissafi tukuna. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2019 ita ce kada a zaunar da ɗan shekara ɗaya gaban allon waya ko talabijin, ɗan shekara biyu kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana.

Duk wanda kuka zaɓa, ku juya shi a hannu ku ja sassansa. Abin da zai iya shigewa cikin kwalin tsakiyar takardar bayan gida zai iya shaƙe yaro. Murfin batir ya zama mai sukurori, domin ƙaramin batir mai kamar maɓalli yana iya ƙona maƙogwaro cikin awa biyu idan aka haɗiye shi. Ku guji ƙananan maganaɗisu da dogon zare.

Idan yaro ya kai wata 18 bai tafiya, ko shekara biyu bai haɗa kalmomi biyu, ko ya daina abin da ya riga ya iya, ba sabon abin wasa yake bukata ba. Ku kai shi likita ya duba shi.