Jakar taimakon gaggawa da ke ƙarƙashin sirdin kekena

Wata takwas tana lilo a ƙarƙashin sirdi ban taɓa zuge ta ba. A wani shagon kayan wasanni na Sabon Gari na saye ta, Naira 12,000, ja, ba ta wuce tafin hannu biyu ba, kuma 'yan ƙungiyarmu sun sha yi mini tsiya wai ga likita ya fito. Mu goma sha huɗu ne. Duk Lahadi bayan sallar asuba muke kama hanyar Wudil, mu sha shayi a bakin gada, mu juyo kafin rana ta yi zafi. Ranar Juma'a kuwa ba ma kusantar hanyar, saboda motocin kasuwar shanu.

Wata ranar Lahadi muna dawowa a jere sai autanmu, wani ɗalibi, ya matse na gabansa har tayarsa ta gaba ta shafi tayar bayan wancan. Duk mai hawa keke ya san na baya ne ke shan ƙasa a irin wannan. Ya faɗi a kan kafaɗar dama, kwalta ta kware masa gwiwa da gefen hannu. Mutum biyu suka koma baya suna ɗaga wa motoci hannu, muka janye kekuna daga titi. Ban bari ya miƙe ba sai da ya faɗi sunansa da inda muke, ya ce wuyansa ba ya ciwo, ya motsa yatsunsa.

Abin da ya biya kuɗin jakar nan shi ne wani ƙyalle mai kusurwa uku da na ɗauka tarkace ne. Yaron na tallafe da hannunsa yana cewa, "Yaya, kar ka taɓa nan," ga kumburi a ƙashin da ke tsakanin wuya da kafaɗa. Da ƙyallen na rataye masa hannun a wuya, nan take nishinsa ya ragu. Safar hannu biyu da ke ciki ma sun yi rana, almakashin kuma ya yanka rigar ba gardama.

Inda ta ba ni haushi wajen wanke ciwo ne. Ƙujewar kwalta cike take da yashi da tsakuwa, ruwa mai yawa take so, masu haɗa jakar kuwa 'yan ƙyallaye masu jiƙe guda huɗu suka sa, kowanne kamar katin waya, biyu ma sun bushe ƙayau. Gorunan ruwanmu uku muka juye. Filastar kuma ta yankan wuƙar kicin ce, tana haɗuwa da gumi ta saki. Bandeji naɗi ɗaya tak, gwiwa kaɗai ta cinye shi. Ga wani bargon leda mai sheƙi na maganin sanyi, wanda a Kano in ba tsakiyar hunturu ba ban ga ranarsa ba.

Ana cikin haka wani bakanike ya taho da gudu da man birki, wai yana tsayar da jini. Zuciya ɗaya ya kawo, muka yi godiya muka hana. Wani dattijo kuma ya ce akwai mai ɗori a ƙauyen gaba. Mota muka tare zuwa asibiti, hoto ya nuna karaya ce.

Zan sake saye, amma ba zan fita da ita yadda ta zo ba. Na fitar da bargon, na cusa bandeji biyu, faffadar filasta, da ƙullin gishiri da sukari na ORS saboda masu jiri a rana. A aljihun murfin akwai kati yanzu: 122 ta Hukumar Kiyaye Haɗurra, 112 ta gaggawa, sai lambar wani na gida ga kowane ɗayanmu, domin ranar nan wayar yaron a kulle take, allonta ya tsage, sai bayan azahar mahaifinsa ya ji labari.